Gano Dalilin Turjiya Kafin Sauya Magani: Zaɓuɓɓukan Jinyar Sankarar Huhu Mai Sauyin EGFR Bayan Osimertinib Ya Daina Aiki

Tsakure

Magungunan da ke saitin ƙwayar gadon EGFR sun tsawaita rayuwar masu wani nau'i na sankarar huhu, amma kusan duk wanda cutar ta riga ta yaɗu a jikinsa wata rana maganin zai daina yi masa aiki. Wannan maƙala ta nazarci abin da ya kamata a yi a wannan gaɓa, musamman bayan osimertinib, wanda shi ne aka fi farawa da shi a yau. Hujjar da maƙalar ta ɗauka ita ce, abin da ake kira turjiya ga magani cututtuka ne daban-daban da suka taru ƙarƙashin suna ɗaya, kuma kowanne da maganin da ya fi karɓarsa. Saboda haka sake ɗebo tsokar ƙari a gwada, tare da gwajin jini, shi ne matakin da ya kamata ya gabaci sauya magani. An bi sakamakon manyan gwaje-gwajen asibiti daga 2009 zuwa 2025, an amsa ƙorafi uku da ake yi wa wannan matsayi, sannan an duba yadda hujjar ke tsayawa a wuraren da kayan gwaji da kuɗin magani suka yi ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu a wannan shekara, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu dalilinta, wanda ya sa ta fi kowace sankara kisa. A cikin wannan adadi akwai wani rukuni da tarihinsa ya bambanta: waɗanda ƙarinsu ke ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon EGFR. Da yawansu ba su taɓa shan taba ba, mata sun fi yawa a cikinsu, kuma ana samun sauyin a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu nau'in adinokasinoma a Turai da Amurka, a Gabashin Asiya kuwa ya kai kashi 40 zuwa 50. Irin wannan majiyyaci yakan haɗiyi ƙwaya ɗaya a rana, tarinsa ya lafa, numfashinsa ya dawo, ya koma sana'arsa. Sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu hoton sikan ya nuna ƙarin ya sake girma, ko wani sabo ya ɓullo a hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Tambayar da ke gaban likita a wannan rana ita ce jigon wannan maƙala. Al'adar da ta daɗe ita ce a ajiye ƙwayar a ɗaura kemo, a wasu wuraren har a haɗa da maganin zaburar da garkuwar jiki. Zan nuna cewa yin haka ba tare da an binciki dalilin turjiyar ba lalube ne cikin duhu, kuma akwai marasa lafiyar da wannan laluben ke jawo wa hasara ta zahiri.

2.0 Darasin da T790M Ya Koyar

A 2004 ne ƙungiyoyin masu bincike a Boston da New York suka gano cewa waɗanda maganin gefitinib ke yi wa aiki na ban mamaki suna ɗauke da sauyi a EGFR. Sauyi biyu ne suka mamaye kusan kashi 85 zuwa 90 na rukunin: gutsurewar wani yanki a sashe na 19 na ƙwayar gadon, da musayar da ake kira L858R a sashe na 21. Gwajin IPASS, wanda Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta da marasa lafiya 1,217 aka kuma buga a 2009, ya tabbatar da cewa mai wannan sauyi ya fi amfana da gefitinib a kan kemo, wanda ba shi da shi kuwa kemo ya fi masa. Tun a 2005 aka gano cewa ƙarin da ya bijire wa magungunan farko irin gefitinib yakan samar da sauyi na biyu, T790M, kuma daga baya aka ga cewa shi ne dalili a kashi 50 zuwa 60 na marasa lafiya. An ƙera osimertinib domin ya kama wannan sauyi. A gwajin AURA3, mai mutum 419 da aka tabbatar suna da T790M, tsakatsakin lokacin da cutar ta yi ba ta ci gaba ba ya kai wata 10.1 da osimertinib, wata 4.4 da kemo. Abin lura a nan shi ne, gwaji ne ya raba wanda zai samu wata goma da wanda zai samu wata huɗu, domin likitan da bai nemi T790M ba kemo zai bai wa kowa.

Daga nan aka ɗauko osimertinib aka kawo shi sahun farko. Gwajin FLAURA, mai mutum 556, ya nuna wata 18.9 ba tare da ci gaban cuta ba, a kan wata 10.2 na gefitinib ko erlotinib, tsawon rayuwa kuma wata 38.6 a kan 31.8. Wannan nasara ta zo da sabuwar matsala. Tunda osimertinib yana danne T790M tun daga tushe, babu sauran dalili ɗaya rinjaye da za a nema a lokacin turjiya. Ƙarin yakan kuɓuce ta hanyoyi da yawa, kowace da ɗan kasonta, kuma wannan warwatsuwa ce ta sa wasu likitoci suka fara ganin sake gwaji ba shi da riba kamar da.

3.0 Fuskokin Turjiya

Fuska ta farko tana faruwa ne a kan EGFR ɗin kansa. Osimertinib yana aiki ne ta hanyar manne wa wani sinadari mai suna sistin da ke gurbi na 797 na furotin ɗin, mannewar da ba ta ɓanɓaruwa. Idan ƙarin ya musanya sistin ɗin da wani sinadari mai suna serin, maganin zai zo ya tarar babu abin kamawa, tamkar an sauya kwaɗo an bar mutum da tsohon makulli. Wannan shi ne sauyin C797S, wanda aka bayyana a 2015. A nazarin jinin marasa lafiyar FLAURA an same shi a kimanin kashi 6. Muhimmancin gano shi shi ne, gefitinib da erlotinib ba su dogara da gurbi na 797 ba, don haka ƙarin da ke da C797S ba tare da T790M ba yana iya karɓar tsohon maganin da aka ɗauka an wuce shi. Idan kuwa sauyin biyu suna kan silin gado ɗaya, babu ɗaya daga magungunan EGFR da ke kasuwa da zai kama shi. Sabbin magungunan da ake ƙerawa dominsa har yanzu suna matakin gwaji.

Fuska ta biyu ita ce ɓarauniyar hanya. EGFR yana nan a toshe, maganin yana aikinsa, amma ƙwayar sankarar ta ninninka wata ƙwayar gado mai suna MET, wadda ke isar da saƙon “ci gaba da girma” zuwa cikin ƙwayar ta wata ƙofa. A nazarin jinin FLAURA wannan ne dalili mafi yawa, kimanin kashi 16, kuma gwajin tsoka yakan samo fiye da haka, domin jini ba ya kama ninkuwar ƙwayar gado da kyau. Akwai wasu ɓarayin hanyoyin da ba su kai MET yawa ba, kamar ninkuwar HER2, sauyin BRAF, ko haɗewar RET ko ALK da wata ƙwayar gado, kuma da yawansu suna da magungunan saiti nasu. A duk wannan rukuni, janye osimertinib kuskure ne, domin babbar hanyar za ta sake buɗewa. Abin da ake bukata shi ne a bar shi a wurinsa a ƙara wanda zai toshe hanya ta biyu.

Fuska ta uku ita ce mafi haɗari, wato rikiɗar ƙarin zuwa wani nau'i daban. Likitan gwajin tsoka da ya duba samfurin farko ya ga manyan ƙwayoyi masu jeruwa kamar bakin tulu, irin na adinokasinoma. A samfuri na biyu, daga majiyyacin nan dai, sai ya ga ƙananan ƙwayoyi cunkus, cibiyarsu ta cika su har ba a ganin ruwan jikinsu, suna matse juna, da alamun rarrabuwa ko'ina a kan gilashin. Wannan sankarar huhu ce mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ta fi kowace saurin yaɗuwa. Idan aka karanta gadonta za a tarar da ainihin sauyin EGFR na farko yana nan, shaidar cewa tsohon ƙarin ne ya sauya kama. Lecia Sequist da abokan aikinta a Boston sun same ta a mutum 5 cikin 37 da suka sake gwadawa a binciken da suka buga a 2011. Wani nazari na asibitin Memorial Sloan Kettering a 2020 ya samu rikiɗa, zuwa wannan nau'i ko zuwa nau'i mai ɓawo, a kimanin kashi 15 na waɗanda suka fara da osimertinib. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ƙarinsa ya rasa ƙwayoyin gado biyu masu taka wa sankara birki, RB1 da TP53, tun daga farko. Babu gwajin jinin da ake amfani da shi a asibiti a yau da zai tabbatar da rikiɗa. Sai an ɗora tsokar a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

4.0 Kowace Fuska da Maganinta

Kafin a kai ga tsoka, hoton sikan kansa yana da abin faɗa. Idan ƙari ɗaya ko biyu ko uku ne kawai suka girma, sauran kuwa suna kwance, to mafi yawan cutar tana nan ƙarƙashin ikon maganin, wani ɗan reshe ne ya kuɓuce. A nan gashi mai saiti, wanda ake tattara ƙarfinsa a kan wuri ɗaya cikin zama kaɗan, ko tiyata, yana iya kawar da reshen a ci gaba da ƙwayar. Wani nazari daga Colorado a 2012 ya nuna cewa hakan ya ƙara wa marasa lafiya kimanin wata shida a kan maganinsu. Gwajin CURB, wanda aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, ya samu wata 10.0 a kan 2.2 ga masu sankarar huhu da aka yi wa irin wannan gashi, ko da yake mafi yawansu ba masu EGFR ba ne. Akwai kuma dalilin da ya sa ba a gaggauta tsayar da ƙwayar: a wani nazari na 2011, kashi 23 na waɗanda aka dakatar wa maganin EGFR cutarsu ta yi mummunan tashi, har ta kai ga kwanciya asibiti ko mutuwa, cikin kimanin kwana takwas. Shi ya sa ake barin majiyyaci a kan ƙwayarsa har ranar da sabon magani zai fara.

Ga masu ninkuwar MET, shaida ta taru daga wurare da dama. A gwajin SAVANNAH, haɗa savolitinib da osimertinib ya rage girman ƙari a kashi 49 na waɗanda MET ɗinsu ya yi yawa sosai, amma a kashi 9 kacal na waɗanda bai kai wannan mataki ba. INSIGHT 2, da ya yi amfani da tepotinib, ya samu kashi 50. Gwajin SACHI na ƙasar Sin, mai mutum 211, ya kwatanta haɗin savolitinib da osimertinib kai tsaye da kemo, ya samu wata 8.2 a kan 4.5, kuma hukumar magungunan Sin ta amince da haɗin a 2025. Tazarar da ke tsakanin 49 da 9 ta isa hujja: magani ɗaya ne, marasa lafiya masu cuta mai suna ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne sakamakon gwajin tsoka. Ga wanda ƙarinsa ya rikiɗa zuwa ƙananan ƙwayoyi kuwa, maganin da ya dace shi ne filatinom da etoposide. A nazarin Marcoux da abokan aikinsa na 2019, mai mutum 67, wannan haɗi ya yi aiki a kashi 54, yayin da babu ko ɗaya cikin mutum 17 da aka bai wa maganin zaburar da garkuwa da ya amfana. Tsakatsakin rayuwa bayan rikiɗa wata 10.9 ne, don haka wanda aka ɗaura wa filatinom da pemetrexed bisa zaton adinokasinoma ce har yanzu, an cinye masa wata biyu ko uku daga cikin waɗannan kafin hoto na gaba ya tona kuskuren.

Saura babban rukuni, wanda aka gwada ba a samu dalili ba ko aka samu wanda ba shi da magani. Ginshiƙin jinyarsu har yau shi ne filatinom da pemetrexed, wanda a gwaje-gwaje da yawa yake riƙe cutar wata huɗu zuwa biyar da rabi. Tambayar ita ce me za a ɗora a kansa. Gwajin MARIPOSA-2, mai mutum 657, ya ƙara amivantamab, sinadarin garkuwa mai hannu biyu da ke kama EGFR da MET a lokaci guda. Sakamakon ya zama wata 6.3 a kan 4.2, ƙarin kuma ya ragu a kashi 64 a kan 36, kuma hukumar magungunan Amurka ta amince da shi a watan Satumba na 2024. Batun ci gaba da ƙwayar tare da kemo ya daɗe yana da mummunan suna saboda gwajin IMPRESS na 2015, inda ci gaba da gefitinib bai ƙara komai ba, wata 5.4 a ɓangarorin biyu, har ma rayuwa ta gajarta. Amma gwajin COMPEL, da aka bayyana a 2025 da mutum 98 waɗanda cutarsu ta ci gaba a wajen ƙwaƙwalwa, ya samu wata 8.4 a kan 4.4 da aka ci gaba da osimertinib. Ƙaramin gwaji ne, sai dai ya dace da abin da aka sani cewa osimertinib yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa fiye da kemo.

Maganin zaburar da garkuwa, wanda ya sauya jinyar sauran nau'o'in sankarar huhu, bai taka rawar kirki a nan ba. A KEYNOTE-789, mai mutum 492, ƙara pembrolizumab a kan kemo ya ba da wata 5.6 a kan 5.5. A CheckMate 722, nivolumab ya ba da 5.6 a kan 5.4. Ga kuma illa: a wani nazari na 2019, mutum 6 cikin 41 da aka bai wa osimertinib bayan irin wannan magani sun samu mummunan kumburin huhu ko hanji ko hanta. Inda aka ɗan ga haske shi ne idan aka haɗa da toshe hanyoyin jinin ƙari, kamar a HARMONi-A na ƙasar Sin, mai mutum 322, inda ivonescimab da kemo suka ba da wata 7.1 a kan 4.8. Bayan kemo ya gaza kuma akwai sabbin sinadaran garkuwa masu ɗauke da dafi zuwa cikin ƙwayar sankara. Datopotamab deruxtecan ya samu amincewar gaggawa a Amurka a watan Yuni na 2025 bayan ya rage ƙari a sama da kashi 40, yayin da aka janye takardar neman amincewar patritumab deruxtecan a wannan shekarar saboda babban gwajinsa bai nuna ƙarin tsawon rai ba.

5.0 Ƙorafe-ƙorafe da Amsarsu

Ƙorafi na farko shi ne, tunda amivantamab da kemo an amince da su ga kowa ba tare da sharaɗin gwaji ba, kuma maganin yana kama MET da ma, mene ne amfanin soka wa mara lafiya allura a huhu? Ƙorafin yana da nauyi, amma ya manta da abu biyu. Na ɗaya, amivantamab ba ya maganin rikiɗa, kuma kemon da ake haɗa shi da shi ba na ƙananan ƙwayoyi ba ne. Na biyu, ribar MARIPOSA-2 wata biyu ce a tsakatsaki, kuma tana da farashi a jiki: fiye da rabin waɗanda aka ɗaura wa maganin ta jijiya sun samu zazzaɓi ko sarƙewar numfashi a lokacin ɗaurawa, galibi a rana ta farko, ga ƙuraje, ga ciwon gefen farce, ga raguwar ƙwayoyin jini. Allurar ƙarƙashin fata da aka gwada a PALOMA-3 ta rage matsalar ɗaurawa daga kashi 66 zuwa 13, amma ba ta kawar da sauran ba. Mutumin da MET ne dalilin turjiyarsa yana iya samun kusan wannan riba ko fiye da ita da ƙwayoyi biyu da zai sha a gida, ya kuma adana kemo don gaba. Gwaji ne kaɗai zai nuna shi.

Ƙorafi na biyu shi ne wahalar ɗebo tsokar. Wannan gaskiya ne. Ana kwantar da mara lafiya a cikin na'urar sikan, a kashe fatar, a tura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari yana riƙe da numfashi, a gutsuro tsoka mai kaurin zare. Wani lokaci iska takan shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji har sai an sa bututu, wani lokaci abin da aka ɗebo bai isa gwaji ba, wani ƙarin kuma yana ƙwaƙwalwa ko ƙashi inda samfurin ba ya karantuwa da kyau. A binciken ELIOS, wanda aka tsara musamman don tara tsoka kafin magani da bayan turjiya, kimanin kashi 39 ne kawai na waɗanda cutarsu ta ci gaba aka samu samfurinsu biyu masu amfani. Abin da wannan ke koyarwa shi ne a tsara aikin da hikima. A ɗebi jini a ranar da hoto ya nuna ci gaba, domin yana kama C797S da haɗewar ƙwayoyin gado cikin mako ɗaya zuwa biyu. A zaɓi ƙarin da ke girma kuma ya fi sauƙin kaiwa, kamar kaluluwar wuya ko hanta, ko ruwan da ya taru a kewayen huhu wanda da ma za a zuƙe shi. A fifita tsoka ga wanda ya rasa RB1 da TP53, da wanda cutarsa ta tashi da sauri fiye da yadda aka saba. Jinin da bai nuna komai ba kuwa bai wanke kowa ba, domin wasu ƙarin ba sa zubar da isasshen gado a cikin jini.

Ƙorafi na uku shi ne, a kusan rabin marasa lafiya gwajin ba ya samo komai, don haka rabin aikin asara ne. Lissafin bai cika ba. Idan aka tara masu MET, masu C797S, masu rikiɗa da masu sauran ɓarayin hanyoyi, za a samu kusan mutum ɗaya cikin uku wanda sakamakon zai sauya masa magani, kuma akwai gwaje-gwajen da likitoci ke yi kullum waɗanda ba su kai wannan riba ba. Shi ma wanda ba a samu komai ba ya samu amsa: an tabbatar ƙarinsa adinokasinoma ne har yanzu, don haka pemetrexed da amivantamab sun dace da shi. Bukatar gwaji ƙaruwa za ta yi, domin sahun farko yana sauyawa. FLAURA2 ya haɗa osimertinib da kemo tun farko ya samu wata 25.5 a kan 16.7, MARIPOSA kuma ya haɗa amivantamab da lazertinib ya samu 23.7 a kan 16.6. Wanda ya riga ya sha pemetrexed ko amivantamab a farko, abin da ake bai wa kowa bayan turjiya ya riga ya ƙare masa, sai abin da gwaji ya tono.

6.0 Inda Kayan Aiki Suka Yi Ƙaranci

Za a iya cewa duk wannan zance ne na Boston da Shanghai. A Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu mai sankarar huhu yakan shafe watanni yana shan maganin tarin fuka kafin a gano ainihin cutarsa, injinan gashi kaɗan ne, karanta gadon ƙari sau da yawa sai an aika samfur waje, kuma iyali ne ke biyan kusan komai daga aljihu. Duk da haka hujjar ta fi ƙarfi a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa erlotinib, tare da gefitinib da afatinib a matsayin madadinsa, cikin jerin muhimman magunguna a 2019, kuma su ne suka fi araha. Inda aka fara da su, darasin T790M yana nan daram: fiye da rabin masu turjiya suna da shi, gwaji ɗaya na PCR yana gano shi, kuma shi zai nuna iyalin da ya kamata su sayar da gona don osimertinib da waɗanda kuɗinsu zai tafi a banza. Gano rikiɗa zuwa ƙananan ƙwayoyi kuwa ba ya bukatar na'urar karanta gado, allura ce da gilashi da rini da idon likitan gwajin tsoka, kuma etoposide tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi. Ko shaidar KEYNOTE-789 kaɗai, idan aka yi aiki da ita, za ta hana iyalai da yawa kashe dukiyarsu a kan maganin da gwaji ya nuna bai ƙara komai ba ga wannan rukuni.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bayan osimertinib ƙarin yana iya sauya gurbin da maganin ke kamawa, ko ya bi ɓarauniyar hanya, ko ya rikiɗa, ko ya kuɓuce a wuri ɗaya kawai, kuma maganin da ya dace da ɗaya yana iya zama ɓata lokaci ga ɗayan. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma sai mai rawa ya saurara ya ji wane kiɗa ake yi. Tsarin da shaidar ta goyi baya shi ne: a duba hoto a raba ci gaban wuri kaɗan da na ko'ina, a yi gashi ko tiyata ga na farko a ci gaba da ƙwayar, ga na biyu a ɗebi jini nan take a nemi tsoka daga ƙarin da ke girma, kada a tsayar da osimertinib kafin sabon magani ya fara, a toshe MET ga mai MET, a ba da etoposide ga wanda ya rikiɗa, sauran a ba su filatinom da pemetrexed, da amivantamab ko ci gaba da osimertinib gwargwadon ƙarfin jiki da halin ƙwaƙwalwa da abin da aljihu zai ɗauka, a kuma guji ɗora maganin zaburar da garkuwa shi kaɗai a kan kemo. Babu ɗaya daga waɗannan da ke warkar da cutar da ta yaɗu, ribarsu watanni ce, don haka kulawar rage raɗaɗi da gaya wa majiyyaci da iyalinsa gaskiya su tafi tare da kowane zaɓi tun daga ranar farko. Aikin da ke gaban masu bincike a yankinmu shi ne auna yawan sauyin EGFR a tsakanin marasa lafiyarmu, da kafa hanyar da samfurin tsoka zai bar ɗakin tiyata ya dawo da sakamako cikin mako biyu, kafin jikin mara lafiya ya yi raunin da ba zai ɗauki magani na gaba ba.